Tsadar Bin Almasihu a Ƙasar Hausa: Su Wa Suka Biya?

 Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, ku da kuke sauraro daga cikin garin Haɗeja, da Malam Madori, da Auyo, da Kafin Hausa, da Guri, da Kirikasamma, har can Birniwa. Ina kuma gaida maƙwabtanmu Musulmi da suke tare da mu a wannan fili, domin tarihin da za mu buɗe yau a ƙasarmu ya faru, kowa yana da rabonsa a ciki. Mai tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, mai saƙar kaba ta ci gaba da saƙarta, aron kunne kawai nake roƙo.

Batunmu na yau shi ne tsadar almajiranci, wato abin da mutum yakan rasa saboda ya ce zai bi Yesu. A cikin Luka sura 14 Ubangiji ya kawo misalin mai gini, wanda ya kamata ya zauna ya lissafa abin da ke hannunsa tun bai haƙa tushe ba. Mu mutanen fadama mun san irin wannan lissafi. Manomin shinkafa a bakin kogin Haɗeja yakan zuba irinsa yana sane cewa ruwan da zai raya shukar shi ne kuma zai iya shanye ta cikin dare ɗaya. Sanin haka bai hana shi shuka ba, sai dai yana shukar ne idonsa a buɗe.

Kuma ai ba Bahaɗeje za a koya wa cewa akwai abin da ya fi rai tsada ba. A watan Afrilu 1906 sojojin Turawan Ingila suka auka wa garin nan. Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka kashe shi tare da jama'a masu yawa, har yau kuma Mai Shahada ake kiransa. Wannan tarihin 'yan'uwanmu Musulmi ke nan da suka tsaya a kan abin da suka gaskata. To, a ɓangaren masu bin Almasihu fa, su wa suka biya, kuma da me suka biya? Za ku ga sunayen da suka shiga littattafai kaɗan ne, kusan duk na maza, da yawa kuma na Turawa. Amma kaso mafi nauyi 'yan ƙasa ne suka ɗauka, mata suna gaba-gaba, kuma yawancinsu kamar zubin adashi suka biya, yau kaɗan gobe kaɗan, shekara da shekaru.

Bari mu fara daga Kano, tun ba a kafa mishan ko ɗaya a ƙasar Hausa ba. A tsakiyar ƙarni na 19 ƙasar nan ba ta zauna lafiya ba. A nan Haɗeja Sarki Buhari ya yi wa Sakkwato tawaye, yana ta yaƙe-yaƙe har rasuwarsa a 1863. Can kudu da mu kuma, waɗansu malamai da suka bar ƙasar Kano sun kafa zamansu a duwatsun Ningi. A cikin wannan zamani aka yi wani malami a birnin Kano mai suna Malam Ibrahim. Ba Kirista ba ne, shi da almajiransa a Musulmi suka ɗauki kansu. Ya yi ta bin ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa ɗan Maryamu, har ya kai ga koyar da cewa Isa yana da wani matsayi na dabam, kuma a shirya wa dawowarsa. Jama'a suka taru a kansa, aka riƙa ce musu Isawa. Magana ta kai fada, aka nemi ya janye, ya ƙi. Bisa ga labarin da zuriyar mabiyansa suka riƙe, sai aka tsire shi a kasuwar Kano.

Mabiyansa suka watse. Waɗansu suka nufi ƙasar Ningi, waɗansu suka ɓuya a ƙauyukan da ke kan iyakar Kano da Zazzau da Bauchi. 'Yar'uwa, ki dubi wannan ƙaura da idon mace. Malam ne ya yanke shawara, amma wa ya ɗaure tukwane da tabarmi? Wa ya goya jariri, ya ja na yaye a hannu? Wa ya bar uwarsa da 'yan ɗakinsu, ba tare da sanin ko za a sake haɗuwa ba? An ce Malam Ibrahim ya bar musu wasiyya cewa wata rana waɗansu za su zo da cikakken labarin Isa. Wannan magana ta rayu a cikin gidajensu wajen shekara 50, daga kaka zuwa jika. Kun san kuwa abin da ba a faɗa a dandali, a ɗakin uwa ake koyonsa.

Yanzu sai mu tsallaka teku. A watan Disamba 1893 waɗansu samari uku suka sauka a Ikko: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Burinsu su kai bishara ƙasashen da Turawa a lokacin suke kira Sudan, wato wannan shimfiɗar ƙasa da ke kudu da Sahara, har da ƙasar Hausa. Ba wata babbar ƙungiya a bayansu, kuɗinsu kuma kaɗan ne. Bingham ya kwanta ciwo, ya tsaya a Ikko. Sauran biyun suka nausa arewa. Kafin shekarar 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent kuma ya rasu a Bida. Ko mutum ɗaya ba su yi wa baftisma ba.

A bayan wannan tafiya akwai wata uwa, Margaret Gowans, a birnin Toronto. Ita ce ta zaunar da Bingham a gidanta ta yi ta ba shi labarin ƙasashen nan har ya yarda ya bi ɗanta. Bingham ya ba da labari cewa da ya koma ya kai mata 'yan kayan da ɗan ya bari, ba ta yi da-na-sani ba. Ta nuna masa cewa mutuwar ɗanta a kan hanyar biyayya ta fi mata sauƙin ɗauka a kan ya zauna a gida ya ƙi kiran da aka yi masa. Duk wadda ta taɓa haihuwa ta san nauyin wannan magana. Bingham ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake kora shi. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi, ƙasar Nufe. Daga wannan ƙungiya, wato SIM, ikilisiyar ECWA ta fito a 1954.

A shekarar 1900 ɗin nan kuma wata ƙungiyar, ta CMS ta Angilikan, ta iso har birnin Kano a ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, tare da wani likita mai suna Walter Miller. Sarkin Kano Alu Babba ya ba su 'yan kwanaki su fice masa daga gari. In za a yi adalci, sarki yana da dalilinsa. A watan Janairu na wannan shekara Lugga ya shelanta mulkin Ingila a kan Arewa, kuma shekara uku bayan haka, a 1903, sojojinsa suka ci Kano. Yaya talaka zai bambanta Baturen da ya zo da littafi da wanda ya zo da igwa? 'Yan mishan suka koma Girku, a can ɗayansu, Claude Dudley Ryder, ya rasu. Girku ta ci mutum biyu ke nan. Wannan zargi kuwa, cewa duk mai bin Yesu ɗan koren Nasara ne, Turawa sun tafi sun bar shi, 'yan ƙasa ne suka yi ta dakonsa.

Likita Miller bai koma gida ya zauna ba. A 1905 ya samu wuri a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Shekaru suka yi ta wucewa, masu tuba 'yan ƙalilan. Sai a 1913 waɗansu mutane daga zuriyar Isawa suka zo wurinsa, suka ce suna neman labarin da kakanninsu suka ce a jira. Iyalai da dama suka karɓi bishara, suka tashi daga ƙauyukansu suka kafa sabon zama a Gimi, cikin ƙasar Zazzau. Wanda ya zauna da su yana koya musu, W. A. Thompson, baƙin mutum ne daga tsibiran Karebiyan. Suka share daji, suka yi gonaki, suka gina makaranta da wurin sujada. Kowa ya ce wahala ta ƙare.

Ashe da sauran zubi. A kurmin da ke bakin rafukan wannan yanki akwai ƙudan tsando, mai ɗauke da ciwon barci. Yakan fara da zazzaɓi da kumburi a wuya, daga baya mutum ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, ya rame, hankalinsa ya gushe, har rai ya yi halinsa. A lokacin ba wani magani mai inganci. Kuma ku tuna su wa suke yini a bakin rafi, wajen ɗiban ruwa da wanki. Cikin 'yan shekaru ciwon ya cinye mutanen Gimi da yawa, garin ya watse, aka kwashi waɗanda suka rage, har da marayu, zuwa Zariya. Ku auna abin da uwa za ta ji. Ta bar danginta saboda bangaskiya, ga shi tana binne 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, kuma ta san abin da za a ce a garinsu: alhaki ne ya kama su. Gaskiyar magana kuwa, ƙudan tsando bai tambayi addinin kowa ba. Ciwon ya yi wa Musulmin wannan yanki irin wannan ɓarna, har a ƙarshen shekarun 1930 gwamnati ta fara tashin ƙauyukan Anchau tana sake musu matsuguni, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya.

Waɗanda suka tsira daga Gimi ba su koma baya ba. A 1929 mishan ta tashi daga cikin birnin Zariya ta koma Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sak, tare da asibiti da makaranta. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Wanda yake hannunki yau an sabunta fassararsa, amma a kan wancan tushe ya tsaya.

To, ina ƙasarmu ta Haɗeja a cikin wannan labari? Bayan cin Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addinin Musulunci ba. Saboda haka gwamnatin Turawa da kanta ta tsare 'yan mishan daga shiga masarautu irin tamu har wajen shekara 30. Abu biyu ne suka buɗe hanya. Na farko jirgin ƙasa. A 1930 dogo ya kai Nguru daga Kano, ya ratsa ta Malam Madori da Birniwa, ya kawo ma'aikata da masu sayen gyaɗa daga kudu, da yawansu Kirista. Na biyu kuma kuturta. Daga 1937 hukumomin En'e suka danƙa wa SIM kula da asibitocin kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato. Sunayen Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa sanannu ne har yau. Bayan haka aka buɗe tashoshin mishan a garuruwa irin su Roni ta ƙasar Kazaure da Garun Gabas ta nan ƙasar Haɗeja, a 1943 kuma aka buɗe asibitin ido na Kano.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ma'aikatan waɗannan asibitoci sun yi askin, ladan kuwa bai taka kara ya karya ba. Likitoci da nas-nas Turawa 'yan kaɗan ne. Masu wanke miki su ɗaure shi kowace safiya, masu dafa abinci, masu renon jarirai, yawancinsu 'yan ƙasa ne, waɗansu ma tsofaffin majinyata. Kafin ƙwayar dapsone ta zo a wajajen 1950, maganin da ake da shi allura ce ta wani mai da ake samowa daga itacen ƙasar Indiya, mai zafin gaske, a yi ta yi wata da watanni. Mafi yawan majinyatan da Musuluncinsu suka zo, da shi kuma suka koma gida. Waɗanda suka zaɓi bin Almasihu kuwa sau biyu aka guje su, da fari saboda cuta, daga baya saboda addini. Akwai kuma wani zafin da ya faɗa kan mata kaɗai: akan raba jariri da uwarsa mai ciwo, a kai shi gidan reno, wai kada ya ɗauka. Bari in tsakura muku a nan cewa yau kuturta tana warkewa sarai, maganinta kuma kyauta ne. Wadda ta ga tabo a fatarta wanda ba ya jin taɓi, ta hanzarta zuwa asibiti.

Yanzu mu zo kan zubin yau da kullum, wanda ba a rubuta shi a ko'ina ba. Mutumin da ya fito daga gidan Musulmi ya karɓi baftisma, abu na farko da yakan rasa shi ne gado, domin a shari'ar da alƙalai suke bi, bambancin addini yana hana gado. Aure ma yakan mutu, a raba shi da 'ya'yansa. Namiji yana iya shiga jirgi ya tafi Jos ko Kaduna ya nemi aiki. Mace fa, ina za ta? Dukiyar mace a ƙasar Hausa ai mutane ne: ƙawar da za ta kawo mata gudummawar biki, gwaggon da za ta yi mata wankan jego, 'yan adashinta, masu sayen ƙuli-ƙulinta ta hannun 'yar talla. Ranar da aka daina aiko mata goron gayyata, ranar ta san abin da ta biya. Har wurin da za a binne ta sai ya zama abin tunani.

Mafi yawan Hausawa Kirista na ƙasashen Kano da Katsina da Jigawa daga cikin Maguzawa suka fito, su ma kuma da irin nasu zubin. Barin tsafin gida yana nufin duk ciwon da ya shigo gidan, duk shekarar da damina ta ƙi, a kanka za a ɗora. Matar da take dafa giya tana sayarwa, da ita take tufatar da 'ya'yanta, in ta tuba sai ta bar sana'ar, ba tare da an miƙa mata wata ba.

Akwai kuma kuɗin da ikilisiya da kanta ta ɗora wa mutane, wannan ma dole a faɗe shi. A 1888 taron bishop-bishop na Angilikan a Lambeth, ƙasar Ingila, ya yanke cewa ba za a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma ba muddin yana tare da su. Sauran ƙungiyoyin mishan ma kusan haka suka bi. Sai mutum ya zaɓi ɗaya ya sallami sauran. Shi ya samu shiga ikilisiya, ana yaba masa ya yi sadaukarwa. Amma wa ya biya? Matar da aka ce ta tattara kayanta, wadda ba ta yi laifin komai ba, wataƙila ma ita ce ta fara kai shi sujada. Sai da aka shekara 100 cif, a 1988, wannan taro na Lambeth ya sassauta, ya ce ana iya karɓar irin wannan mutum tare da matansa da 'ya'yansa, bisa sharaɗin ba zai ƙara aure ba. Darasin a bayyane yake: ba kyau mutum ya yi sadaka da abin wani.

Kada mu manta da matan masu bishara. A ƙarshen shekarun 1940 ikilisiyoyin SIM suka fara aika 'yan ƙasa su kai bishara da kuɗin 'yan ƙasa, aikin da yau aka sani da EMS. Sunan maigida ake rubutawa a takarda, amma mutum biyu ake aikawa. Matar takan bar garinsu ta je ƙauyen da ba ta san kowa ba, ta yi noma, ta haihu nesa da uwarta, ta karɓi baƙi da ɗan abin da ke cikin rumbu. Sau da yawa ta ƙofarta ake fara shiga, domin maƙwabciyar da ba za ta taɓa zuwa jin wa'azi ba za ta zo neman gishiri ko maganin zazzaɓin yaro. Daga baya kuma Zumuntar Mata ce take tara hatsi da 'yan kuɗi ana aika musu.

Me wannan zubi ya haifar? Daga makarantar Miller da Wusasa aka samu Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948. Asibitin Barau Dikko na Kaduna sunansa ya ci. Daga zuriyar Isawa aka samu Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau a 1927, likitan yara, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. John Tafida na Wusasa shi ne ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, littafin da 'yan makaranta da yawa suka karanta. Ku lura da abu ɗaya. Jikokin mutanen da aka kora ba su tashi da ƙullin ramuwa ba. Sun yi wa Arewa duka aiki, kuma mafi yawan yaran da suka yi wa magani da ɗaliban da suka yaye Musulmi ne.

Wata za ta ce ai wannan duk labarin da ne. To, ki bi ruwan kogin nan namu gabas, ya wuce ta wajen Nguru ya kai Gashuwa a Jihar Yobe. A kan hanyar Gashuwa zuwa Damaturu akwai garin Dapchi. Ranar 19 ga Fabrairu 2018 'yan bindiga na wani ɓangaren Boko Haram suka kwashe 'yan mata 110 daga makarantar sakandaren 'yan mata ta garin. Kusan dukansu Musulmi ne, biyar kuma suka rasa ransu a hannun maharan. Ranar 21 ga Maris aka dawo da sauran, ban da guda ɗaya, Leah Sharibu, 'yar shekara 14, 'yar ikilisiyar ECWA. 'Yan makarantarsu da suka dawo su ne suka ba da labari cewa an ce ta bar addininta a sake ta, ta ƙi. Motar da ta kawo 'ya'yan wasu gida ta bar ta a daji, mahaifiyarta kuma ta shiga shekarun jira da roƙo. Tsakanin waccan uwa ta Toronto da wannan ta Dapchi akwai shekara 124, ikilisiyar da ɗan waccan ya mutu wajen dasawa ita ce ta reni 'yar wannan.

A cikin wannan shekara ta 2018, a watan Yuni, wani limami mai suna Abubakar Abdullahi a ƙauyen Nghar, ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta Jihar Filato, ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa lokacin da mahara suka zo. Ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su, alhali ransa yana cikin haɗari. Na kawo shi ne don kada wata ta tashi daga wannan shiri tana ganin maƙwabcinta shi ne abokin gabanta. Masu tsoron Allah da suke biyan tsada saboda gaskiya suna nan a kowane gida.

Me za mu ɗauka mu tafi da shi? Na farko, sadaukarwa dabam, tsokana dabam. Mutanen Gimi ba su zagi addinin kowa ba, Leah ba ta zagi kowa ba, abin da aka nema su bari ne suka ƙi bari. Sashe na 38 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin riƙe addininsa da na sauya shi, kuma neman wannan haƙƙi ta hanyar hukuma ba rashin bangaskiya ba ne. Haka nan ba kowace wahala ce gicciye ba. Matar da mijinta yake duka, kada wani ya ce mata ta yi shiru wai tana shan wuya saboda Yesu. Wannan zalunci ne, a kai maganar gaban dattawa da hukuma.

Na biyu, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. In akwai wadda ta rasa danginta saboda bangaskiya a cikin ikilisiyarku, ku ne danginta yanzu, kuma dangantaka ba ta tsaya a gaisuwar ranar Lahadi ba. Wa zai zauna da ita in ta haihu? Wa zai sa ta a adashi, ya ba ta jarin da za ta fara suyar ƙosai ko sayar da busasshen kifi? Wa zai tsaya a matsayin uwa ranar auren 'yarta? Zumunci a ƙafa yake. Kuma ku taimake ta ta ci gaba da gaida iyayenta, ta kai musu abin da ta samu, ko da sun juya mata baya, domin umarnin girmama uwa da uba bai faɗi ba.

Na uku, mu yi wa 'ya'yanmu gaskiya. Wa'azin da yake cewa duk mai bin Yesu zai yi kuɗi, ba zai yi ciwo ba, bai san Girku ba, bai san Gimi ba. Yarinyar da aka gaya mata tsadar tun tana gida ta fi iya tsayawa ranar da aka tambaye ta.

Na ƙarshe kuma aiki ne nake ba ku. Mun san sunan Gowans da Miller domin an rubuta. Matan da suka goya 'ya'ya zuwa Ningi, da waɗanda suka binne nasu a Gimi, da masu wanke miki a Yadakunya, sunayensu sun tafi tare da su. Amma a ikilisiyarku akwai tsohuwar da take zama a bencin gaba, wadda ta san wace ce mace ta farko da aka yi wa baftisma a garinku, da abin da ya same ta bayan haka. A wannan mako ku je ku gaishe ta, ku tafi da 'yar makaranta mai littafi da biro. Ku tambaye ta, a rubuta, a karanta a taron Zumuntar Mata, a ajiye a majami'a.

A nan za mu dakata. Allah ya ta'azantar da iyayen da suke jiran 'ya'yansu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya kiyaye mana gonakinmu daga ambaliya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.